Hoton Allo

A shagona na bakin kasuwar Garwa
Alhaji Garga ya tsaya a kaina,
hula a hannu, yana fifita da ita.
"Ɗauko min hoton allon nan.
Mai motar Kusiri ya ce bai ga kuɗi ba,
jaka tamanin, ladan dakon albasa."

Ga rasit a fili, ga lamba, ga suna.
Na danna maɓallin. Shiru.
Na haɗa shi da maƙwabtansa,
yatsa uku, kamar mai tsinkar gishiri.
Allon ko ƙiftawa.

Na kifa madannai, na bubbuga bayansa,
ɓawon gyaɗa ya zubo, da gawar tururuwa.
Na kashe, na kunna, na hura.
Saƙo ya fito da Faransanci,
na karanta sau biyu, haƙuri kawai yake ba ni.
Alhaji ya ce, "Ita ma bayan direba ta bi?"

Aka kira la'asar, muka je muka dawo.

Sai Ɗan'asabe, yaron da ke share min shago,
ya zuro hannu ta ƙarƙashin hammatata
ya buɗe wani kundi da ban taɓa leƙawa ba.
Ga su jere, talatin da ɗaya,
rasit guda, kamanni guda,
agogon kusurwa ne kaɗai ke tafiya
tun daga azahar.
Ashe tana ɗauka, faɗa ne ba ta yi.

Alhaji ya zaɓi na farko, ya biya, ya fita.
Sauran talatin ɗin
har yau ban goge su ba.