Yatsa Biyu

A Pieve di Teco, bayan cocin da agogonsa ke makara,
nan garejin Ermete yake:
ƙofa ɗaya, fitila biyu, da kyanwa mai gurguwar ƙafa.
Can na kai jar motar babana
a makon da likita ya ce hannunsa na dama
ba zai koma yadda yake ba.

Motar ta girme ni da shekara shida.
Kujera biyu gare ta, ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar baƙo.
Sandar giyarta kuwa ta zama ludayi a cikin romo,
ka tura, ta yi yawo,
ka nemi ta uku, ta miƙa maka ta biyar,
kana lalube kamar mai neman makunni a ɗakin wani.

Ermete ya shiga, ya taka kuloci, ya rufe ido.
Ya girgiza ta hagu, ya girgiza ta dama.
"Nives," ya ce, "ƙarfen lafiya lau.
Roba ce ta tsufa, kamar gwiwata."

Ya ɗage fatar da ta rufe gindin sandar,
ya kwance noti huɗu, ya zuba su a kofin shayinsa.
Zoben robar ya fito a marmashe,
tamkar burodin shekaranjiya.
Ya yanko tagulla, ya sassaƙa sabo,
ya gwada, ya goge, ya sake gwadawa,
har ya zauna daram, ko gashi ba zai ratsa ba.

Na ce a rage tsawonta, don hannun ya huta da tafiya.
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Abin da kika rage a hanya, da ƙarfi za ki biya.
Yatsa biyu zan cire. Na uku ba da zartona ba."

Kan sandar kuwa, daga gonarmu ya fito,
reshen zaitun da iska ta karya bara.
Ya rarake cikinsa, ya ɗura masa dalma,
don nauyi ya ƙarasa abin da tsoka ta fara.
Kwana tara. Kuɗin aikin bai kai na giris ba.

Ranar Lahadi babana ya zauna gaban sitiyari.
Ya ɗora hannun. Hannun ya zame.
Ya sake ɗorawa.
Na juya ina kallon kyanwa,
Ermete ya shiga neman sifanar da ke aljihunsa.

Ban san tsawon shirun ba.
Sai na ji ƙofa ta buɗe, takalmi yana jan ƙasa,
ya zagaya ta gaban mota, yana dafa ta kamar mai lallashin doki,
ya zauna a ɗaya kujerar.
"Ke taka," ya ce. "Ni zan sa."

Daga can, ashe, hagunsa ce ke kusa da sandar.

Muka hau hanyar dutse, kwana bisa kwana.
Na farko mun saɓa, giya ta yi ƙara kamar haƙorin mai sanyi.
Na biyu ma haka.
A na huɗu na ji injin ya cika ƙirji,
ƙafata ta sauka ba tare da na ce mata ba,
ƙwas! ta uku ta shiga,
gajere, tsaf, kamar kuba a ƙofar gidanmu.

Bai yi dariya ba. Ba ya cikin masu yi.
Ya dai bar tafinsa a kan zaitun ɗin
har muka wuce inda ya kamata mu juya.
"Kin yi saurin sakin kuloci," ya ce.
"Ƙara wuta. Akwai kwana a gaba."