Abin da Ke Kan Gilashi

A ɗakin gwaji na asibitin Wad Madani
aka miƙo mini kwalba da takarda manne a gefe:
Batulu Sidi, shekara talatin da ɗaya, daga Mai Wurno.
Abin da ke ciki bai kai ƙwayar wake ba,
yankin tantanin ciki ne, da ɗigon baƙi
kamar inda tartsatsi ya faɗa wa mayafi.

Na binne shi cikin kaki, na jira ya daskare,
na fere shi har ya fi ɓawon albasa rashin kauri,
na shimfiɗa kan ruwan ɗumi, na rina.
Sannan na sunkuya kan madubi.

Ga irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa
ya yada zango inda ba gidansa ba,
kamar angurya da ta zube daga buhu a gonakin Jazira
ta tsira abinta a bakin magudana.
In wata ya zagayo shi ma ya zubar,
amma nasa jinin ba shi da ƙofar fita.
Tantanin ya yi kanta, tabo bisa tabo,
ya tattare kamar ɗinkin ɗan koyo.

Can kuma ga su, zaren jijiya,
sirara, rini ya mai da su launin gahawa,
sun kutsa cikin tabon kamar saiwar kirikiri,
wasu ko rigar da za ta rufe su babu.
A lafiyayyen tantani sai na yi ta lalube kafin in ga ɗaya.
Nan na ƙirga har na ɓace, na sake daga farko.

Takarda ta ce shekara goma sha uku tana fama.
Ba ta ce sau nawa aka kira abin raki ba,
ko kofi nawa na hulba aka ɗura mata,
ko wa ke tsare mata teburin shayi
ranar da ta kasa miƙewa.
Yayata Uwani haka take naɗewa kan tabarma,
ni ma ina cikin masu cewa ta cika son jiki.

Fom ɗin yana da layi uku kacal.
Na rubuta sunan cutar, na rubuta adadi.
Aka ɗauke wuta ina tsakiyar sa hannu.
Na ɗaga gilashin wajen taga,
ido kawai ba ya ganin komai sai ɗigon ruwan hoda.
Na lalubo wayata, na kira Uwani.