Abin da Takarda Ta Kira Riba

Ƙarfe huɗun dare a nan, a Katsina hantsi ya dubi ludayi.
Waya ta motsa a aljihun rigar aiki,
Sada dillali ne: "An sallama, ranka ya daɗe.
Gidan Rafindaɗi ya tafi, Allah ya sa alheri."
Na ce amin, numfashina na fita fari kamar hayaƙi
a ƙofar asibitin da nake jinyar tsofaffin wasu.

Sai lauya ya biyo baya da takarda mai layi uku:
yadda ka saya, yadda ka sayar,
da abin da ke tsakani.
Na tsakanin nan, in ji shi, sunansa riba,
kuma hukuma na da kasonta a ciki.

Riba.
Na juya kalmar a baki kamar busasshen goro.
Shekarar da na sayi kangon nan
miliyan huɗu kan sa a miƙe a ba ka kujera.
Yau an ba ni ashirin da takwas,
na juya su zuwa kuɗin ƙasar da nake,
tulin ya narke kamar ƙanƙarar bakin titi da rana.
Naira ce ta rame, ba gidan ne ya yi ƙiba ba,
amma takarda ba ta da layin rama.

"Kawo rasit," in ji lauya,
"duk abin da gyara ya ci, za a cire kafin a yanka."
Rasit?
Gara ta yi kalaci da su a akwatin Inna.
Wa zai shaide ni kan siminti buhu sittin
da Rabe ya turo a amalanke daga Ƙofar Ƙaura?
Gide magini ya riga mu gidan gaskiya.
Katangarsa na nan tsaye,
sai dai katanga ba ta sa hannu.

Ƙasar da na baƙunta ma ta jiyo ƙamshi.
Takardarsu na tambaya cikin ladabi:
ko kana da dukiya a waje?
Akuya ɗaya, mahauta biyu,
kowa da wuƙarsa, kowa da sashen dokarsa.
An ce abin da na biya can za a rage mini nan.
To, Allah ya sa sun san juna.

Ban ƙi biya ba.
Na san kwatar layinmu na neman murfi tun ina yaro.
So na yi a ce akwai layi na huɗu
da zan rubuta darbejiyar tsakar gida
wadda Inna ta raina da ragowar ruwan alwala,
da zanen gawayi a ƙyauren ɗakin kudu
inda 'ya'yan Malam Iro tela ke auna tsawonsu,
da haya wata bakwai da na ce ya bari
shekarar da idonsa ya daina ganin kafar allura.

Da la'asar ɗinsu saƙon muryarsa ya shigo,
ana jiyo luguden daka a bayansa:
"Mun ji labari. Ba komai, kowa da uzurinsa.
Sai dai ka roƙar mana mai sabon gida
ya bari Tasalla ta gama jarrabawa.
Wata biyu ne kacal."

Sau uku na saurara.
Gidan da na san ƙarar kowane ƙyaurensa,
yau ba ni da bakin magana a zaurensa.

Gobe ɗaya ga wata.
Banki zai zare hayar ɗakina tun ban farka ba,
ya miƙa wa mai gidan da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Na kira Sada.
"Cire hayar wata biyu daga abin da ya rage,
ka kai wa mutumin, ka ce a bar su."
Ya yi shiru, ina jin babur na wucewa.
"A wane layi za a sa wannan?"
Na ce bar shi haka nan, ba layi.

Ƙararrawar ɗaki na tara ta kaɗa,
tsohuwar nan na son a gyara mata matashi.