Sunanmu Cikin Baka Biyu

Minti uku aka ba mu,
ni da Ovidio Chiripua, wai mu raba.
Shi daga saman kogin San Juan,
inda mutanensa suke tun kafin teku ta kawo baƙo.
Ni, Teófila, daga bakin kogin,
inda kakannina suka tsinke sarƙa,
suka nutsa a taɓo har wuya,
taɓon ya rufa musu asiri.

Kwale-kwale, jirgin inji,
sai motar da ta yini tana tari a kan dutse.

A ƙofar zauren mai gadi ya zazzage jakata,
ya ga ɓawon kumba guda biyu.
Ya ce, na mene ne?
Na ce, takarduna ke nan.

Ciki sanyin inji kamar ɗakin ajiye kifi.
An manna ƙasarmu a bango, kore shar,
ba ɗigon gida ko ɗaya.
Wani mai lallausar murya ya nuna ta da jan haske,
ya ce ga kurmin da hannu bai taɓa ba.
Na dubi hannuwana.
Shekara arba'in da ɗaya
ina cusa su tsakanin saiwoyi har gwiwar hannu,
kifin taɓo ya sare ni sau shida,
farcen nan bai sake fitowa daidai ba.
Suna ta cinikin numfashin itatuwanmu,
awo-awo, kamar shinkafa,
ba a tambayi mai ɗaki inda yake yoyo ba.

Da aka kira mu, Ovidio ya miƙe
ya yi magana da harshen uwarsa.
Abin da suka toshe kunnuwa da shi ya yi tsit:
ba a tanadi tafinta ba.
Sunayen kifi yake kira, bakwai,
a hankali, kamar mai kiran 'ya'yansa cin abinci.
Na san sunayen,
mun daɗe muna musaya, kwandonsa da gishirina.
Sai na ɗebi lokacina na fassara:
huɗu daga ciki sun daina zuwa
tun da masu haƙar zinariya suka zuba zaiba a ruwa.

Daƙiƙa arba'in ta rage mini.
Na aje ɓawon farko, ya cika tafina:
wannan na zamanin kakata ne.
Na aje na biyu, bai rufe yatsu uku ba:
wannan na ranar Talata ne.
Na ce, mu ne muka hana kanmu ɗaukar ƙanana,
ba wanda ya aiko mana da doka.
In za ku yanke hukunci a kan kurmi,
ku matsa, kujera muke so,
mun gaji da tsayuwa a hoto.
Jan fitila ta kama.
Aka tafa.
Ba a dafa tafi.

Tsakar dare wata yarinya lauya ta kawo takardar.
Shafi na goma sha huɗu, can ƙasa,
ga mu nan, mu da su Ovidio,
a tsakanin baka biyu.
Ta ce, ma'anarsa ba a amince ba tukuna,
gobe ana iya gogewa.
Na yi dariya har ta tsargu.
Ni da na tsufa ina lalube a duhun laka,
na san abin da ke rufe tsakanin ɓawo biyu:
yana da rai,
kuma ba ya buɗewa don an daka masa tsawa.

Na dawo gida ran Lahadi.
Jikata Marcelina ta tare ni a kan matakala:
Kaka, sun ji?
Na ce, kunna ɓawon kwakwa, sauro ba ya jiran labari,
ruwa zai janye ƙarfe huɗu.

Ta farko da ta ciro ƙarama ce.
Ta auna ta da yatsu, ta dube ni,
ta mayar da ita cikin taɓo,
ta danna da babban yatsa.