Takardar Gona a Gefen Sinnar

A gwangwanin shayi Kawu Jauro ke ajiye ta,
jinginar da jikan mai ƙasa ya bari
ranar da ya tafi Jidda, bai dawo ba.
Gara ta ci rabin hatimin sarki.
Abin da ya rage ya ce:
daga kukar nan zuwa inda kogi ya lanƙwasa
an ba Faki Wad Rahama da zuriyarsa,
da rijiya, da shanun ban ruwa, da mutanen da ke kanta.

Mutanen da ke kanta.
Ko sunan ɗaya babu.

Kowane mudu biyar na dawa, ɗaya na gidan Faki.
Kakanninmu sun iso daga yamma, ƙafa duk faso,
Makka suka nufa,
suka ce bari su yi damina ɗaya.
Mudun nan ya riƙe su har furfura.

Yau awaki ke kwana a soron Faki.
Kukar ta faɗi shekarar ambaliya,
kogin ma ya sake hanya.
Kawu ya naɗe takardar, ya ce in miƙo fartanya,
wai dawa ba ta iya karatu ba.