Lambu Cikin Taya

Ni mai faci ne a bakin hanyar Ƙonni,
hannuna ya san roba, bai san ƙasa ba.
Ran da Tsahara ta dawo daga kasuwa
da tumatir huɗu a gindin kwano,
ta ce, "Dala arba'in ke nan, duba da kyau,"
sai na dubi tayoyin da suka mutu a hannuna,
na ce, to, hutunku ya ƙare.

Shida na yanka da wuƙar aiki,
na jera su bayan ɗaki, jikin katanga,
inda rana ke sassauci bayan azahar.
Ƙasa daga Geben Zogi, buhu biyu a kan keke.
Taki daga kara, ran Lahadi da marece,
dillalai sun watse, saura ni da tsintsiya.
Wani ya ce, "Nomau, lafiya kuwa?"
Na ce, "Kashin tumaki nake saye,
da kunya nake biya, ita ce gare ni."

Iri kuwa, Agali mai tebur
zai zubar da ruɓaɓɓu, na tara hannu.
Na matse a tsumma, na shanya bisa rufi.
Barkono daga na miya na sata.
Yakuwa, tsohuwa Hajo ta kwance bakin zane,
ta ƙirga mini goma sha biyu kamar zinariya.
Salati kaɗai na saya,
dala ashirin, a ƙullin takarda.
Har yau ina jiran shi ya fito.

Sai ruwa.
Wanda ya san Tawa ya san kuɗin ruwa:
bido ɗaya dala biyar, ga layi, ga faɗa.
Na mai da alwalata bakin taya.
In na wanke fuska, barkono ya sha,
in na wanke ƙafa, yakuwa ta sha,
sau biyar a yini, babu fashi.
Ƙasarin hatsi, Tsahara ta daina zubarwa.
Ruwan daron da nake neman huda a ciki,
baƙi ƙirin, da shi nake komawa gida,
yana tangaɗi, yana jiƙa mini wando.

Da tsohon sange na yi shinge.
Sauro ya san ƙofofinsa tuntuni,
akuyar Dille ma ta gano su.
Wata asuba na tarar da kara tsaye,
ganye ko ɗaya babu,
ita tana tuƙa, tana kallona.
Na tafi da zafi, na sami Dille
yana ɗinke takalmi da waya.
Me zan karɓa a hannun wannan?
Muka shirya: kowace Juma'a in share garkenta.
Abin da ta ci ta baki
tana biya ta baya, kaɗan-kaɗan.

Yakuwa ta yafe, ta sake toho.
Tsutsa ta zo, na daka ganyen bedi,
na haɗa da toka da guntun sabulu.
Wata ta mutu, wata ta ƙoshi.

Kwana saba'in da 'yan kai,
tumatir bakwai, kamar ƙwan zabo,
ɗaya ya tsage, ɗaya tsuntsu ya riga ni.
Tsahara ta auna su a tafin hannu,
ta ce, "In an saka wahala a lissafi, ka faɗi."
Na ce haka ne.
Amma daren nan ta suɗe kwano,
ta juya baya don kar in gani.

Mafi ja na bari a jikin uwarsa
ya nuna har ya ruɓe, shi ne na baɗi.
Hajo ta aiko jikanta karɓar bashi,
na ƙirga goma sha biyu, na ƙara biyar.

Yanzu in direba ya gangaro da taya,
ta fashe har ba ta jin faci,
shi yana salati, yana dafe kai,
ni ina taya shi jaje da baki,
ido kuwa yana auna faɗinta:
wannan za ta ɗauki kuɓewa uku.