Agashe a Faranti

Daren da aka gama cinikin riɗi a Gadarif
aljihuna ya yi nauyi, na ce wa Baba Haladu,
"Sa farar jallabiyarka, yau a waje za mu ci."
Ya dube ni kamar na ce mu tafi Makka a ƙasa.

Raksha ta sauke mu a sabon wurin Taju,
kwana tara da buɗewa, fenti bai daina wari ba.
Fitilu ja da kore suna ƙifta ido a saman ƙofa,
janareta yana tari a bayan katanga.
A dogon kanta an jera kwalabe kafaɗa da kafaɗa:
zoɓon da suke kira karkade,
kukar da suke kira gongolez,
tsamiya, mangwaro,
ƙanƙara tana ihu a cikin injin markaɗe.

Baba ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa.
Na ce, "Ai ba masallaci ba ne."
Ya ce, "Wa zai taka wannan daɓe da ƙurar kasuwa?"

Shekara talatin da ɗaya ya yi a tashar motocin Kassala,
da tukuba, da fitilar ƙwai, da takardar siminti.
Yakan ce tambayar kakanninmu ce, "A gashe?"
ta zama sunan nama a bakin mutanen ƙasar nan.
Taju kuwa yaro ne mai fifita garwashi,
ya sha ranƙwashi a kan ƙona tsinke.

Wani saurayi Bahabashe ya miƙo takarda mai ƙyalli.
Baba ya bi ta da yatsa daga dama zuwa hagu,
ya tsaya a kan kuɗin, ya yi salati.
"Da wannan na sayi ragon sunanka,
har aka ba ni canji."

Nama ya zo a farin faranti,
albasa zobe-zobe, lemon tsami ɓari guda,
da cokali mai yatsu kwance a gefe kamar baƙo.
Baba ya ture shi. Allah ya ba shi biyar.
Ya tauna, ya rufe ido,
na ga leɓensa yana ƙirga:
ƙuli, citta, kanumfari.
"Ya rage barkono don harshen masu kuɗi.
Babu masoro.
Amma yankan nan..."
Ya ɗaga yanki ɗaya saitin fitila,
haske ya ratsa shi.
"Yankan nan nawa ne."

Kafin in kama hannunsa ya wuce labule,
ya shiga inda hayaƙi yake, garinsu.
Can na same shi tsaye, Taju durƙushe,
tsakaninsu wuƙa mai ƙota ɗaure da robar taya,
wadda ta ɓace shekarar da ruwa ya cinye rumfa.
"Aro na yi, Baba."
"Aron da ya haifi kujeru arba'in?"
Masu wanke-wanke suka haɗiye dariya.
Ya gwada kaifin a farcen babban yatsa,
ya juya ƙotar, ya miƙa masa.
"A dutse ake wasa ta, ba a inji ba."

Aka kawo jabana mai citta, kofi ƙarami kamar ƙwai.
Taju ya rantse ba za mu biya ba.
Baba ya hana ni taɓa aljihu,
ya kwance bakin rawaninsa, ya ƙirga a hankali,
takarda bayan takarda, duk sun yi laushi.
"Karɓi. Wuta ba ta san uba ba,
mai gawayi ma gobe zai zo."

A hanyar gida raksha tana tsalle a ramuka,
bai ce uffan ba sai sunsunar yatsunsa.
Mun kusa kwanar gida ya taɓa gwiwata:
"Akwai masoro a gwangwanin ƙarƙashin gadona.
Gobe ka kai masa.
Kada ka ce ni na aiko."